Abin da Bidiyon Bai Nuna Maka Ba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya ƙara maka ƙarfin jiki, Ya sa albarka a aikin da ya kai ka nesa da mu, Ya dawo mana da ku cikin aminci. Mu a nan sai godiya. Inna ta samu sauƙin gwiwar, har tana hawa matakalar ƙofar gida ba tare da an riƙe ta ba, sai dai rigimar shan magani tana nan yadda ka bar ta. Maigidana an mayar da shi reshen da ke kusa da gida, ya huta da sammako. 'Yan biyu sun fara haƙora, sun hana kowa sakat. Auta ta gama jarrabawa tana zaman jiran sakamako, ta cika mana gida da waƙe-waƙe.

Yanzu sai abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ni da rabona da rubuta wasiƙa tun ina makaranta. Yaya, fushi nake yi da kai, kuma ba ƙarami ba. Na bari kwanaki su wuce ko zuciyata za ta sauka, ba ta sauka ba. Ban kira ka a waya ba don na san halinka. Kafin in kai tsakiyar magana za ka ce ka gane, ka ce in bar shi haka nan, ka ce ana jiran ka a wurin aiki. Takarda kuwa ba ta katsuwa. In ka ga dama ka yage ta bayan ka gama, amma dai ka karanta har ƙarshe.

Ranar Lahadi da yamma ina kicin lokacin da ka kira ɗanka. Yana taya ni wanke kwanuka, hannunsa duk kumfa, sai ya buɗe lasifikar wayar ya ajiye ta a kan taga. Don haka ba labari aka ba ni ba, da kunnena na ji. Na ji ka ce ka ga bidiyon. Na ji ka ce ya kamata mutum ya san iyakarsa, wanda ya san yana da in'ina ba ya hawa dandamali a gaban jama'a. Ka ce ya mai da kai abin dariya a cikin dangi, ka ce ya fita daga ƙungiyar nan ya koma kan littattafansa. Ya buɗe baki zai yi maka bayani, harafin farko ya maƙale masa, ka ce ba ka da lokacin wannan, ka kashe waya. Ya ɗauraye kwanon da ke hannunsa, ya kife, ya ɗauki na gaba, har ya gama wanke-wanken tas, sannan ya shige ɗakinsa. Washegari na tarar da rigar ƙungiyar a ninke cikin leda a kan teburina a laburare, wai in miƙa wa shugabansu.

Kai ɗan guntun bidiyo ka gani, wanda bai kai a sha kofin ruwa ba. Ni kuwa ina wurin tun safe har rana ta faɗi. Don haka bari in ba ka labarin daga tushe.

Ka san yakan zo laburare bayan lacca ya jira ni in tashi mu tafi gida tare. A farkon zangon nan wasu ɗalibai uku suka kama wata kusurwa, can bayan kantar tsofaffin mujallu inda fankar nan ta lalace, suna shirin gasar kacici-kacici. Akwai Dogo, mai karatun safiyo, shi ne shugabansu. Akwai wata yarinya mai karatun haɗa magunguna da suke ce wa Likita. Sai na ukun, Lauya, wanda lissafin kuɗi yake karanta, bakinsa ne ya jawo masa sunan. Kwalejinmu ba ta da na'urar ƙararrawa irin ta gasa, don haka bayan biro suke bugawa a kan tebur, wanda ya riga bugawa shi zai amsa. Kullum sai na je na ce su rage murya. Ɗanka yana zaune a teburin da ke kusa da su, kansa a cikin littafi, amma duk tambayar da aka karanta sai leɓɓansa su motsa kafin kowa ya buga biro. Likita ce ta lura. Ta daina kallon mai karantawa ta koma kallon bakin ɗanka, ta dinga cinye su da amsoshinsa, har Lauya ya gano ya ce an yi sata. Daga ranar suka sa masa suna Ƙamus, suka kafa masa ƙahon zuƙa sai ya zama na huɗunsu. Ya daɗe yana ƙi. Da ya tambaye ni, ni na ce ya shiga. In akwai laifi a shigarsa, nawa ne, ni za ka kira ka yi wa faɗa.

Gasar ta sababbin shiga ce, wato an shirya ta ne don waɗanda ba su taɓa zama a irin wannan teburi ba. Ina so ka riƙe wannan, Yaya, wuri ne da aka ce wa 'yan koyo su zo su koya. Tsarinta kuwa, mutum huɗu a nan, huɗu a can, kowa da maɓalli a hannu. Ana karanta tambaya doguwa, ta fara da abu mai wuya ta gangaro zuwa mai sauƙi. Duk wanda ya gane sai ya danna, fitilarsa ta kama, a tsaya, a ba shi 'yan daƙiƙu ya faɗi amsa shi kaɗai. In ya kuskure ko lokaci ya ƙare masa, a rage wa ƙungiyarsa maki, a ba ɗaya ɓangaren dama.

Malamin tarihin da ya kamata ya raka su, da safiyar ranar ya turo saƙo wai baƙi ya yi. Doka kuma ta ce sai da ma'aikacin kwaleji. Haka na bar wa Inna da Auta 'yan biyu, na sa takalmi na shiga tsohuwar bas ɗin kwaleji, wadda ƙofarta sai an ɗaure da waya. Da muka isa jami'ar da ta shirya gasar muka tarar da wasu ƙungiyoyi sun zo da masu horarwa da jakunkuna iri ɗaya. Namu kuwa ko ganin na'urar ba su taɓa yi ba. A wasan farko Dogo ya riƙe maɓallin da ƙarfi kamar zai gudu, ya danna tun mai karantawa bai gama gyara murya ba. Aka ce ya ba da amsa, ya ce a yi haƙuri hannunsa ne. Lauya ya danna sau da yawa, duk da cikakken ƙarfin gwiwa, duk ba daidai ba. Aka lallasa su. Muka fito baranda suna dariyar juna, ni ma ina taya su.

A wasa na biyu Likita ta farfaɗo, ta ɗauko musu maki masu kyau, aka ci su da ɗan kaɗan. Amma ni ɗanka nake kallo. Bai danna ko sau ɗaya ba. Ina ganin bakinsa yana motsi, babban yatsansa yana kan maɓalli, sai ya bari har abokan hamayya su ɗauke. Da aka tashi cin abinci, muna zaune a kan matakala, Lauya ya tasa shi a gaba, ya ce ba kallo aka kawo shi ba. Ɗanka ya ce tsoro yake ji kada ya danna kalmar ta ƙi fita, ya jawo musu asara. Dogo ya ce ai shi ya riga ya jawo asarar da hannunsa lafiya lau, bakinsa lafiya lau, kuma ba a kashe shi ba. Likita ta ce gara su faɗi da amsar da ta maƙale a bakinsa da su faɗi da shirunsa. Yaran nan sun fi ni iya magana da shi.

Wasa na uku wata ɗaliba ce ta karanta tambayoyi, 'yar siririya mai tabarau. Aka fara tambaya a kan wani kogi, tun ba a yi nisa ba na ga fitilar ɗanka ta kama. Ya ja numfashi, ya bubbuga gwiwarsa da yatsa yadda yake yi, kalmar ta tsaya, ta sake tsayawa, sannan ta fito. Yarinyar nan ba ta ɗago ta zuba masa ido ba, ba ta yi masa murmushin tausayi ba, idonta na kan agogo, ta ce daidai, ta wuce ta gaba kamar yadda take yi wa kowa. Daga nan ɗanka ya ɓalle. Tarihi, taurari, sassan jiki, ƙasashe, sai dai ka ga fitilarsa ta kama. Wani lokaci lokacin ya ƙare masa, a rage musu, ya sunkuyar da kai, tambaya ta gaba kuma ya sake dannawa. Suka ci wannan wasan, suka ci na bayansa, suka ci na bayan wannan. Kafin la'asar aka liƙa sakamako a bango, sai ga kwalejinmu, mai buga biro a kan tebur, a cikin huɗun da suka rage. A baranda na ji wasu ɗalibai suna nuna shi suna cewa a yi hankali da mai shiru-shirun nan. Ɗanka ake nufi, Yaya.

Wasan kusa da na ƙarshe a babban zaure aka yi shi, da makirufo a gaban kowa, kujeru cike da ɗalibai. Aka sauya mai karantawa, aka kawo wani babban malami da aka gayyato don girmamawa, mai tumbi da murya kamar ta gidan rediyo. Tun da ya hau yake zuba barkwanci, ya tsokani wannan, ya tsokani wancan, zaure na dariya yana jin daɗi. Wasa ya yi zafi, maki suka tafi kafaɗa da kafaɗa har tambaya ta ƙarshe, wanda ya ci ta shi ya wuce. Malamin ya fara karantawa, wani ƙarfe ne da ake samu daga jan dutse, wanda a da ake shafawa a bayan madubi. Bai wuce nan ba fitilar ɗanka ta kama. Amsar zaiba ce, kuma ya sani. Ya matso kusa da makirufo, harafin farko ya kama shi, ya ƙi sakin sa, lasifika kuma ta ɗauki sautin ta watsa ko'ina. Sai mutumin nan ya ɗaga kai yana waige-waige, yana kore iska da takardar hannunsa, ya ce, "Jama'a, wa ya bar taga a buɗe? Ƙudan zuma ya shigo mana." Zaure ya ɗauka da dariya. Ya ƙara da kwaikwayon sautin a cikin nasa makirufon. Kafin dariyar ta lafa ya dubi agogo ya ce lokaci ya ƙare, ya juya ga ɗaya ɓangaren. Wani yaro ya danna ya ce zaiba. Aka ce sun ci.

Nan bidiyonka ya tsaya. Wanda ya ɗauka ya samu abin da yake so ya kashe. Da ya ƙara ɗan lokaci, da ka ga ɗanka bai ja da baya daga makirufon ba. Ana tafi, ana dariya, ana tashi, shi yana nan yana kokawa da kalmar har sai da ya fitar da ita gaba ɗaya, a fili, alhali ba ta da sauran amfani. Sannan ya ajiye maɓallin a hankali, ya miƙe, ya je ya ba abokan hamayya hannu ɗaya bayan ɗaya.

Ni kuwa ban san lokacin da na isa teburin masu shirya gasar ba. Na ce wa shugabansu alƙali, wato malamin da ya karanta tambayar, ya yi magana a cikin lokacin yaro, ya cinye masa daƙiƙunsa da bakinsa, ya kuma ba abokan hamayya harafin farko a kyauta, don haka a sake tambaya. Ya ce ya fahimce ni ƙwarai, amma hukuncin alƙali ba ya tashi, kuma baƙo ne babba, ba za a kunyata shi ba. Ka ji fa, shi ba za a kunyata shi ba. Da ya ga ban tafi ba sai ya sassauta murya ya ce za su duba yiwuwar ba yaron wata takardar yabo ta musamman, ta ƙarfin hali. Na ce ya riƙe takardarsa, ba bara muka zo yi ba, amsa ya sani kuma ya riga kowa. Daga nan na wuce wurin alƙalin kansa, yana zaune ana zuba masa shayi. Ya ce haba, ai raha ce, don yara su saki jiki. Na ce masa, "Malam, da ɗanka ne a kan teburin nan, da wane ƙwaro za ka kwatanta shi?" Ya ɗauki wayarsa yana dubawa kamar an kira shi. Har muka bar wurin bai nemi yaron ya ce ya yi haƙuri ba, kuma wannan maganar ban bar ta ba, na kai ta gaban shugaban kwalejinmu.

Na fito na ce wa direba ya tayar da mota, tafiya za mu yi. Akwai sauran wasan neman na uku, amma na ce ba za mu sake taka zauren nan ba. Na tarar da yaran a gindin wata bishiya. Likita tana kuka don haushi. Lauya, da yake bakinsa ba shi da linzami, ya riga ya ce wai da a ce ɗanka ya bari an ƙara karantawa da shi ma ya gane amsar, Likita ta kusa cinye shi ɗanye. Dogo ne ya ce ba ni ke da ikon yankewa ba, shi ma ba shi ke da shi ba, a tambayi Ƙamus. Duk muka juya gare shi. Ya ɗauki lokaci mai tsawo, babu wanda ya taya shi, babu wanda ya kawar da kai. Ya ce, "Gwaggo, ba mu gama ba." Na ce wa direba ya kashe motar.

Zaure ɗaya, makirufo ɗaya, alƙali ɗaya, mutanen da suka yi dariyar suna nan a kujerunsu. Ɗanka ya hau ya zauna inda ya tashi. Tambayar farko, shi ya fara dannawa. Kuma ba zan yi maka ƙarya ba, ya sake maƙalewa, lokaci ya ƙare, aka rage musu. Wasu 'yan tsiraru suka yi dariya a baya, ba su samu masu taya su ba suka yi shiru. Tambaya ta biyu ya sake dannawa, ya ci. Alƙalin nan ya haɗiye barkwancinsa, bai ƙara ɗaga ido daga takarda ba. Ba su ci wasan ba, an fi su da ɗan kaɗan, suka tashi na huɗu a cikin ƙungiyoyin da suka cika baranda guda. Muna shirin shiga mota yaron da ya ce zaiba ya biyo mu da gudu, ya kama hannun ɗanka ya ce shi bai san amsar ba sai da ya ji harafin farko. Na ce a raina, da a cikin zaure ka faɗi haka da ka fi burge ni. Amma ɗanka ya ji daɗi.

A hanyar dawowa Lauya ya bar masa kujerar taga, wanda a wurinsa shi ne ba da haƙuri. Ba mu yi nisa ba sai ga ɗanka ya tura ciki gaba, ya kumbura murya, yana kore iska da littafi yana kwaikwayon alƙalin. Ka san in yana kwaikwayon wani ko yana waƙa harshensa ba ya sarƙewa. Motar nan ta kaure da dariya, direba har da buga sitiyari. Rabon da in ga haƙoran yaron nan a waje haka na manta. Da muka sauka muna tafiya gida ya roƙe ni kada in sa komai a zauren dangi na waya, kada in gaya wa Anti, shi yake so ya ba ka labari da bakinsa in ka kira ranar Lahadi. Na ji shi a ɗaki yana maimaita yadda zai fara. Shi ya sa ba ka ji daga gare ni ba. Ashe wani ya ɗora guntun bidiyon a intanet, ya zagaya har ya faɗa hannun ɗan Kawu, shi kuma marar hankali ya tura zauren dangi da fuskar dariya a ƙasa. Wannan na riga na je har shagon ubansa na wanke shi tas, ya goge, ya ba da haƙuri. Saura kai.

Abin da ke ci mini rai ke nan, Yaya. Babban malami ya yi masa ba'a a gaban zaure cike da mutane, yaron nan ya tashi ya karkaɗe jikinsa ya koma ya danna maɓalli. Baƙo bai iya karya shi ba. Kai ka karya shi, a waya, daga nesa, ba tare da ka tambaye shi ko na nawa suka zo ba. Ka ga wani ƙato yana wulaƙanta ɗanka, maimakon ranka ya ɓaci da ƙaton, sai ya ɓaci da ɗan. Na yi ta juya wannan a raina na kasa gane shi. Wane dangi ne suka yi maka dariya? In akwai, faɗa mini sunansu in je in same su. Ni dai abin da na gani, ƙannenmu sun yi shiru ne suna jiran su ji abin da uban yaro zai ce.

Kuma tunda na fara, bari in ƙarasa. Ba ranar Lahadi ka fara ba. Tun yana ƙarami in ya fara magana kai ke ƙarasa masa, kuma sau da yawa ba abin da zai ce ke nan ba, sai dai ya gyaɗa kai don a wuce wurin. In za a yi aike kanti sai ka ce a tura ƙaninsa. In baƙi suka zo ka riga shi cewa ba ya son magana. Yana son magana, Yaya. Ni da nake zaune da shi na sani, in ya samu mai jira har sai na ce ya bar ni in yi barci. In ka kira, da ya gaishe ka sai ka ce ya ba Gwaggonsa wayar, ka tambaye ni yadda karatunsa yake alhali yana tsaye a gabana. Na san ba ƙiyayya ba ce. Na san yawon asibitin da ka yi da shi, na san ba ka son a taɓa shi ne, kana ganin in ya yi shiru babu mai samun abin dariya. To ga shi ya yi shirun. Zo ka ga yadda ya yi masa kyau.

Yanzu in ya zo laburare can ƙarshen zaure yake zama, ya juya wa kusurwarsu baya. Amma wurin ba shi da girma, ana jin tambayoyin, kuma daga teburina ina ganin yatsansa yana motsi a kan littafi. Dogo ya zo gida har ya gaji da zuwa. Amsa ɗaya ɗanka yake ba shi, Babansa ya hana. Na ce masa ni na ba shi izini, in ya so ni da kai mu ƙare. Ya ce a'a. Ka haifi ɗa mai biyayya, ba zai taka maganarka ba ko da kana bayan duniya, shi ya sa ya kamata ka dinga auna ta kafin ka jefa masa. Malamin tarihin nan kuwa, da ya ji sun zo na huɗu sai baƙinsa suka tafi, ya dawo yana cewa ƙungiyarsa. Ya ce in Ƙamus bai dawo ba kafin ƙarshen wata zai sa wani a gurbinsa, domin akwai wata gasar bayan hutu. Yaran sun ce ba su yarda ba, amma ba su ke da iko ba. Rigar tana nan a aljihun teburina, ban miƙa ba.

Ba na neman ka yaba masa, ba na neman ka aiko masa da komai. Abu ɗaya nake so. Ka kira shi, a wayarsa ba tawa ba, ranar da ba ka da aiki. Ka ce ya ba ka labarin gasar. Na riga na ba ka shi duka a nan don kada ɗokin jin ƙarshe ya sa ka katse shi. Zai maƙale, zai daɗe, wataƙila ya fi kullum, don kai ne. Kada ka taya shi, kada ka ce ka gane, kada ka ce ya yi a hankali. Ka riƙe wayar kawai ka jira. Yarinyar nan mai tabarau, da ba ta san shi ba, ta jira shi, abokansa sun jira shi a gindin bishiya, kai ma za ka iya. In ya gama, maganar da ka ɗora masa kai za ka sauke ta da bakinka.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ba ta wannan takarda ta karanta, don na san ba ta ji duka ba. Ka shafa mini kan ƙannensa, ka ce Gwaggo tana kewar su. Inna tana gaishe ka tana sa maka albarka, ban gaya mata komai ba tukuna, kuma ka san ba don kai na ɓoye ba, don hawan jininta ne. Maigidana yana gaishe ka, ya ce in sassauta alƙalami, na ce ya yi nasa. Auta da Kawu da mutanen gidansa duk suna gaisuwa. Ɗanka bai san na rubuta ba, don haka babu saƙonsa a ciki.

Allah Ya kiyaye mana kai, Ya huci zuciyata a kanka, don ni kaɗai na kasa.

Ƙanwarka,
Gwaggon yara.